Yadda Na Kai Zalɓe Landan

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a waya: "Kabiru, wai da gaske 'yar tsana ka kai wa Turawa?" Duk wanda na ba labarin kuma sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har na ji ana cewa wai jirgin yaƙi na ƙera musu. To ga yadda abin ya kasance, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska.

Sana'ata zane ce a kwamfuta, irin wanda ake juyawa a duba ta kowane gefe, daga baya inji ya fitar da shi ka riƙe a hannu. Shagona yana Tudun Wadan Zariya, amma yawancin masu ba ni aiki ban taɓa ganinsu ido da ido ba. A cikinsu akwai wani ƙaramin kamfani a Landan mai yin wasan yaƙi da ake bugawa a kan tebur. Ana jera 'yan duwatsu da gidaje na roba, kowa ya fito da rundunarsa ta 'yan butum-butumi da ba su wuce tsawon yatsa ba. Kowanne siffar wata ƙatuwar motar yaƙi ce mai tafiya da ƙafa biyu, wadda a labarin wasan mutum ke zama cikin kanta yana tuƙi. Da tef irin na tela ake auna tafiyarsu, a jefa ɗan lido a ga ko harbi ya samu.

Wasan ya girme ni. Siffofin farko da hannu aka sassaƙa su, aka zuba su da dalma. Yanzu kamfanin yana sabunta su ɗaya bayan ɗaya, a fitar da su da roba. Helen, wadda ke kula da masu zane, ita ta damƙa mini wanda masu wasan suka fi ƙauna. Sunan wani tsuntsun bakin ruwa gare shi da Turanci, ni kuwa Zalɓe nake ce masa, don dogayen ƙafafu ne da shi, gwiwa ta lanƙwashe baya. Ƙafafun nan sirara ne kamar tsinken tsire, kuma babu wanda ya taɓa mallakarsa bai karya su ba. Sai na ƙara musu kauri, na yi musu gaɓoɓi yadda mai kallo zai yarda za su ɗauki nauyin jikin. A bayansa kuma, kusa da tsanin da matuƙi ke hawa, akwai wani ɗan ƙulli da dalma ta cuɗe, ba a gane ko mene ne. Na yi ta ƙara girman hoton ina dubawa, ni dai buta nake gani, irin wadda ake ratayawa a bayan gingimari. Na zana ta buta sosai, da bakinta da mariƙinta. Helen ta yi dariya ta ce a bar ta.

Matsalar ta taso ne da hoton gaban sabon Zalɓe ya fita kafin lokaci. Masu wasan suka yi ca a intanet. Wani mai suna Martin ya yi dogon rubutu, ya ce na mayar da tsuntsu giwa, na kashe masa ƙuruciyarsa. Aka kuma yi ta yaɗa cewa Alan, tsohon da ya sassaƙa na asali, yana raye kuma bai ce uffan ba, shirun nan nasa fushi ne. Helen ba ta ɓoye mini ba: idan aka ƙi Zalɓe a babban taron masu wasan da za a yi a Landan, manyanta za su karɓe sauran aikin daga hannuna. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da shagona. Ana cikin haka jirgin ruwan da ya ɗauko na robar daga masana'anta ya makara a hanya. Abin nunawa ɗaya ya rage a duniya: babban samfurin da na fitar a Abuja, mai tsawon kamu guda, na yi masa fenti da hannuna. Shi ya sa aka ce in taho da shi da kaina.

Na nannaɗe shi da soso da tsohuwar atamfa a cikin kwali, na rungume tun daga tashar Zariya. A jirgin ƙasa daga Kaduna wata dattijuwa da ke gefena ta gaji da kallona ta ce, "Ɗan nan, in kaza ce ka huda mata kwalin mana, kada ta mutu."

A filin jirgin Abuja kuwa, da kwalin ya bi ta na'ura, jami'in ya ɗago kai.

"Malam, mene ne wannan mai bakin bindiga?"

Na kwance atamfa. Kafin in gama bayani abokan aikinsa sun taru, wannan na ɗaukar hoto, wancan na tambaya ko da batir yake tafiya, yana so ya saya wa ɗansa. Da na ce ba ya motsi ko kaɗan, kuma manya ne ke wasa da shi, sai suka dube ni da tausayi suka ce Allah ya kiyaye hanya.

Sai da na zauna a jirgi na ga saƙon yayata Hauwa, ma'aikaciyar jinya a Landan, wadda zan sauka wurinta: kada in kuskura in shigo ƙasar da nama. Ga ni da ƙunshin kilishi na tsarabarta a jakar hannu. Zubarwa ba ta taso ba. Ni da wani ɗan kasuwa mutumin Anaca da ke damana muka sa shi gaba, muka miƙa wa Baturen da ke bakin taga. Ya ci yanka ɗaya, fuskarsa ta yi jawur, hawaye na zuba, amma ya sake miƙo hannu.

A wurin duba fasfo na Landan layi ne mai tsawo, amma ba turereniya, ba mai cewa shi wane ne. Jami'in da na faɗa hannunsa saurayi ne, fuska ba yabo ba fallasa. Ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ba shi wasiƙar gayyata, na yi bayani, ina tsoron kada ya ɗauka raina masa hankali nake yi. Ya karanta sunan wasan, sai ya ɗan saki fuska.

"Wana yana buga wannan," in ji shi. "Ya dame mu a gida kwanan nan, wai an lalata ƙafafun wani abu."

Na ce, "Allah sarki."

Ya buga hatimi ya miƙo mini fasfo. Na wuce ina cewa a raina, to, ashe har bakin iyaka labarina ya riga ni isowa.

Yaya Hauwa tana wurin aiki, don haka ta turo mini kwatance in bi tube, wato jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Kuskurena na farko a kan matakalar nan mai tafiya da kanta na yi shi. Ashe dama ake tsayawa, hagu ta masu sauri ce. Na tsaya a hagu da akwati da kwali, na tare layi guda. Da a gida ne da tuni wani ya ce, "Kai malam, matsa mana!" an wuce wurin. Su kuwa sai tari suke yi a bayana, kowa na ba ni haƙuri, ni da na yi laifin. A cikin jirgin na yi wa na kusa da ni barka da asuba, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu, ya mayar da ido kan wayarsa. A wata tasha mutane suka ɗuro kamar an kwance su, aka matse ni da ƙofa. Na ji wani ɗan ƙas a cikin kwalin. Na ce wa kaina kunnena ne.

A Camberwell, unguwar da suke, Yaya ta tare ni a bakin titi, da kayan aiki a jikinta.

"Auta! Kai ne ka rame haka? Da ƙyar na samu aka yi mini swapping ɗin shift. Kawo kwalin."

"A'a Yaya, ɗauki akwatin dai."

Flat ɗinsu yana hawa na uku, ɗakuna kamar akurki, kuma shekarunta a gidan ba ta san sunan maƙwabcin da suke haɗa bango ba. 'Yarta Amira, haihuwar can, ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka koya mata. Duk abin da na faɗa da Hausa tana ji sarai, amma amsa sai da Turanci. Yaya ta yi tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, sai dai kafin in sa hannu na ce bari in duba ɗan mutumina.

Hannun dama, mai ɗauke da babbar bindiga, ya ɓalle daga kafaɗa, yana kwance cikin atamfa. Ƙafafun dai ko gezau.

Na zauna a ƙasa da guntun a hannu. Taro jibi ne. Yaya ta leƙo ta ce, "Inna lillahi. To ai ba jini, ba a mutu ba. Ci tuwonka, gobe ka je Lewisham, babu abin da ba a samu a can."

Washegari na hau bas mai bene na tafi. Lewisham kasuwa ce sosai, da doya da manja da busasshen kifi, in ka rufe ido sai ka ce Sabon Gari kake, in ban da sanyi. Na shiga shago biyu, gam ɗin da suka nuna mini na katako ne da na takarda. Ina tafe ina duba kwali kamar mai jinya, sai na ji Hausa daga wani shagon kitso da gyaran farce. Wata mata ce mai jiki, ta sha ɗaurin kallabi, tana faɗa a waya. Na tsaya na yi sallama. Ta kashe wayar nan take.

"Wa alaikumus salam! Ɗan'uwa, daga ina?"

Sunanta Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Da na nuna mata ɓarnar ta kira 'yarta tana cewa, "Yarinya na, ya zo ya kawo gam na farce." Ta ce gam ɗin da ke riƙe farcen roba a hannun matan Landan har su yi wanke-wanke da shi ba zai kasa riƙe hannun aljanin nan ba. Ta kama hannun da ɗan hantsaki, ni na ɗiga gam, muka haɗa. Ya kama tsaf. Sai da na zo ɗaga hannuna na tarar babban yatsana ma ya kama, a jikin kafaɗar Zalɓe.

Matan da ake wa kitso suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Hajiya Memuna ta zauna da auduga da ruwan goge farce, tana ɗiga a hankali tana yi mini tsiya, har yatsan ya fita. Fenti kaɗan ya tashi, na gyara da ɗan burushin da na zo da shi, a kan teburin farcenta. Ta ƙi karɓar komai, ta kuma hana ni tafiya sai da na ci shinkafa da wake irin nasu na Gana, mai ja-ja, da baƙin yaji mai ɗanɗanon kifi.

Ranar taro na fita da wuri, na ɗauki tasi don na yi rantsuwa Zalɓe ba zai sake shiga tube ba. Zauren yana gabashin gari kusa da kogi, girmansa ya kai filin ƙwallo. Ana yayyafi, amma ga mutane a layi tun daga bakin titi, da yawansu furfura ce fal a kai, kowa da akwatin rundunarsa. A ciki tebura ne iya ganinka. Na ga dattijo da ya isa jika ya duƙa da tef yana auna tazarar da ke tsakanin 'yan butum-butumi biyu, fuska a murtuke kamar mai rabon gado. Da farko abin ya ba ni dariya. Daga baya na tuna yadda manyanmu ke zama gindin bishiya a kan dara, har a yi kwana biyu ba a gaisawa saboda an ci mutum, sai na daina dariyar.

Helen ta fi yadda nake ganinta a kwamfuta ƙanƙanta. Ta taho da hannu biyu a buɗe, na dafe ƙirji na ɗan rusuna, ta tsaya cak ita ma ta dafe nata, muka yi dariya. Ta sa Zalɓe cikin akwatin gilashi a tsakiyar rumfarsu. Ba ta lura da gyaran ba sai da na faɗa mata. Abincin rana burodi ne mai sanyi da dafaffen ƙwai da wani ganye a tsakiya, kai ka ce daga firij aka ciro, ashe daga can ɗin aka ciro. Da azahar ta yi, Helen ta buɗe mini ɗakin ajiyarsu, na yi salla tsakanin kwalaye, na daɗe a sujada.

Ina fitowa na tarar da cincirindo a gaban gilashin. Wani ƙato mai jan gemu, sanye da riga mai hoton tsohon Zalɓe, yana ta bayani yana nuna ƙafafun. Helen ta raɗa mini cewa Martin ke nan. Ya juyo ya karanta sunana a katin da ke wuyana.

"Kai ne?"

"Ni ne."

Na zaci zagi zai biyo baya. Sai ya miƙo hannu muka gaisa, ya tambayi hanya, ya ce yana fata sanyi bai dame ni ba. Sa'an nan, cikin ladabi ƙwarai, ya shiga lissafa mini duk abin da na ɓata. Ya ce tun yana yaro mahaifinsa ya saya masa na farko, kuma siraran ƙafafun nan su ne Zalɓe. A nan na gane ba ƙiyayya ba ce, abin ne yake so da gaske. Na ce masa na ji, na kuma faɗi dalilina. Bai gamsu ba.

Muna cikin haka mutane suka fara darewa. Wani tsoho ne siriri ke tahowa da sanda, cikin tsohuwar rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu. Ba wanda ya gaya mini, na san Alan ne. Bai kalli kowa ba. Ya ce wa Helen ta buɗe gilashin, ya sa tabarau, ya duƙa. Ya daɗe a kan ƙafafun. Ya sa yatsa, hannunsa na karkarwa, ya ɗan tura gwiwar. Sa'an nan ya zagaya ta baya, ya tsaya.

Sai na ga kafaɗunsa na motsi. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa.

"Butata!" in ji shi. "Wa ya gano butata?"

Helen ta nuna ni. Ya kamo hannuna da nasa biyu. Ya ce lokacin da ya sassaƙa shi, ya yi tunanin mutumin da zai wuni cikin wannan ƙarfe dole ya so shayi, sai ya rataya masa buta. Da aka zuba dalma ta cuɗe, masu wasa suka yi ta gardama shekara da shekaru, wasu su ce fitila ce, wasu su ce makami, shi kuma ya ji kunyar faɗa. Na ce masa a wurinmu babbar mota ba ta hawa hanya babu buta a bayanta, sai dai tamu ta alwala ce. Ya ce kowace ce, matuƙin ya gode.

Martin ya kasa haƙuri. "To ƙafafun fa, Alan? Ai ka ga abin da ya yi musu."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Na gani. Da wayar tsohuwar lema na yi na farkon, don ita ke gare ni a ranar. Nawa na gida sau nawa na liƙa su, na daina ƙirgawa. Waɗannan za su tsaya."

Na tambaye shi, to me ya sa bai ce komai ba duk tsawon surutun nan? Ya ce wane surutu? Ashe mutumin ko intanet ba ya shiga. Shirun da ya hana ni barci a Zariya, shi bai ma san ana yi ba.

Ban san lokacin da na nemi kujera na zauna ba. Helen ta miƙo mini shayi a kofin takarda, an zuba masa madara mai sanyi, ba sukari, na shanye tas. Kafin la'asar masu son a ajiye musu nasu sun yi layi har sun tare rumfar maƙwabta, kowa sai ya zagaya ya leƙa butar. Martin ma na gan shi a layin. Da muka haɗa ido ya ce har yanzu bai yarda da ƙafafun ba, yana dai so ya duba su a gida a tsanake. Guda uku ya ce a ajiye masa. Helen ta matso ta ce in na koma in huta, akwai wani tsohon zanen da ke jirana, kuma masoyansa sun fi na Zalɓe zafin kai.

Da yamma Alan ya ce sai mun buga wasa. Na gaya masa ban taɓa bugawa ba, zane kawai na iya. Aka ara mini runduna, Martin ya tsaya a bayana yana ba ni shawara da ƙarfi. Ba a jima ba tsohon nan mai rawar hannu ya share ni kaf, ko ɗaya bai bar mini a tsaye ba. Na raka shi tashar bas, ya tambaye ni sunan tsuntsun da Hausa. Ya yi ta gwadawa, "Zal-be, Zal-be," ɓ ɗin ta ƙi fita. Har bas ta ja ina hango shi ta taga yana haɗa leɓe.

Babban samfurin ya zauna a ofishinsu. Kafin in taso jirgin ruwan ya iso, Helen ta ba ni ƙarami guda daga kwalin farko. Yaya ta cika mini akwati da man zafi da cakulan na mutanen gida, ta raka ni har filin jirgi, wannan karon a kan matakala na tsaya a dama.

Da na isa Zariya gidanmu na fara zuwa. Bayan gaisuwa da addu'a na ciro ƙaramin Zalɓen daga aljihu na ɗora wa Inna a tafin hannu. Ta kai shi kusa da ido, ta juya shi gaba da baya.

"Wannan ɗan abin ne ya kai ka Ingila?"

"Shi ne, Inna."

Ta sake juya shi. Sai ta tashi ta buɗe kabad ɗinta na gilashi, wanda ko mu 'ya'yanta ba ma taɓawa, ta matsar da kofunan tangaran na aurenta gefe, ta tsayar da shi a tsakiya, bindigarsa na kallon ƙofa. Ta mayar da makulli ta ɗaure a bakin zane.

"To," ta ce, "Allah ya yi masa albarka. Zo ka ci abinci."